Malam Daidai da Kashi Na Biyu

Maɓalli ɗaya ne ya haɗa su, kuma da faɗa aka fara.

Ana ɗaukar fim ne a wani tsohon gidan bene mai matattakalar katako. Darakta ya ɗaga hannu zai ce a fara ke nan, sai aka ji murya daga bayan kamara.

"A dakata! Ba daidai ba ne."

Kowa ya ja tsaki, don an san mai muryar. Aikinsa shi ne wanda 'yan fim ke kira kwantiniti, wato ya lura kada abin da aka gani a wannan ɗauka ya saɓa da na gaba. In jarumi ya riƙe kofi da hannun dama jiya, to yau ma sai da dama. Kullum yana rungume da littafi mai baƙin bango, biro a maƙale a kunne. Yawan faɗin "ba daidai ba ne" ya sa aka laƙaba masa Malam Daidai, har sunan ya bi shi.

"Rigar jarumi jiya maɓallanta huɗu duk baƙaƙe ne," in ji shi. "Yau na ukun ruwan ƙasa ne."

Yarinyar da ke kula da suturar 'yan wasa ta miƙe daga kan akwatin kaya, ta zare allurar da ke bakinta. 'Yar Tela ake ce mata, don a shagon mahaifinta ta koyi ɗinki tun ƙafarta ba ta kai fedar keke ba.

"Haba Malam, wa zai ga maɓalli ɗaya a fim?"

"Ni."

"To Allah ya sa ba kai kaɗai za ka kalla ba."

Wurin ya kaure da dariya. Ita kuwa ta ƙarasa gaban jarumin, ta tsinke maɓallin da haƙori, ta ɗinka baƙi a gurbinsa kafin darakta ya gama mita. Malam Daidai ya tsaya sororo yana kallon yatsunta. Ranar ce ya fara rubuta abin da ba na aiki ba a gefen littafinsa.

Fim ɗin nan fa na marasa hali ne. Kamara ɗaya ce, fitilun aro ne, jarumar ma ba ta taɓa tsayawa gaban kamara ba. Babu wanda ya san ko za a gama. Ruwa ya taɓa tsinkewa ana tsakiyar ɗauka, darakta ya ce a ci gaba a haka, jarumar ta yi kukan gaske saboda sanyi da tsoro. Kullum aka watse sai kowa ya tafi yana mamakin abin da ya fito daga hannunsa.

In an tafi hutun rana, su biyun sukan zauna a matakala ta uku da kofin shayi. Ita cokali uku na sukari take zubawa, ta ce rayuwa ta isa ɗaci. Shi kuwa bawan Allah ba shi da kowa a garin. Ɗaki ɗaya gare shi a saman wani shagon kayan mota, da katifa da kujera ɗaya da ƙaramar talabijin. Kafin ya san ta, yakan yi kwana biyu bai yi magana da kowa ba in ba a wurin aiki ba. Yanzu kuwa da ya cire takalmi sai ya ɗauki waya ya tura mata saƙo.

"Allurata, yau kin yi dariya sau bakwai. Biyu ne kawai nawa, biyar na wasu. Ba daidai ba ne."

"Malam Daidai, tashi ka nemi abinci ka ci. In ka yi hankali gobe in ƙara maka ɗaya."

Da aka gama fim, ya sa rigarsa mafi kyau ya tafi shagon mahaifinta. Dattijon bai ko tsayar da keke ba.

"Yaro, mene ne aikinka?"

Ya yi bayani, ya sake yi, gumi na tsatso masa.

"Na ji. In fim ya ƙare fa?"

"Sai a jira wani, Baba."

"To 'yata ba za ta zauna jiran fim ba. Uwarta ta rasu ta bar min ita amana. Ka je, Allah ya ba ka wata."

Da yamma saƙonta ya shigo.

"Ka yi haƙuri. Ba zan iya saɓa wa Baba ba, ni kaɗai gare shi. Don Allah kada ka kira ni, don in ka kira zan ɗauka."

Da wani saurayin ne, da ya kira ko sau ɗaya ne. Amma wannan Malam Daidai ne, mutumin da in an ce maɓalli huɗu to huɗu ne. An ce kada ya kira, sai bai kira ba. Shekara uku cur!

Fim kuwa ya fito ya karɓu yadda ba wanda ya zata. A bas ana maganarsa, a wurin aski ana maganarsa. Sanadinsa Malam Daidai ya samu aiki na dindindin a wani gidan talabijin, ya sayi kujera ta biyu, amma ba wanda ya taɓa zama a kanta. Ranar hutu sai ya kunna fim ɗin ya zauna shi kaɗai, ba labarin yake bi ba, ɗinkin rigunan yake kallo. Kewa ta zame masa abokiyar zama. In ta ishe shi sai ya buɗe gefen littafin nan ya karanta abin da ta faɗa ran kaza, da kalar mayafinta, da inda ta zauna, har ya haddace.

Ana nan sai furodusa ya ce za a yi kashi na biyu, kuma duk wanda ya yi na farko a nemo shi. Malam Daidai ya ɗauki hutu a wurin aiki tun kafin a gama gaya masa. Wannan karon kuɗi ya zauna, kamara har uku, fitilu kamar rana. Gidan benen an riga an yi masa fenti, sai da aka ɗauko masu fenti suka sake tsufar da shi don ya koma yadda yake.

Ya hango ta a bakin akwatin kaya. Ta rame kaɗan, ta sa gilashi, kuma ba ta cikin masu hayaniya.

"Sannu, Malam Daidai," ta ce a hankali.

"Sannu, Allurata."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jera kaya.

Shi fa a ransa ya gama tsara komai. Abin da ya yi aiki a da, shi zai sake yi, ba ragi ba ƙari. Da hutun rana ya yi, ya haɗa shayi da sukari cokali uku, ya kai matakala ta uku ya kira ta. Ta zo ta zauna, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Ya maimaita mata barkwancin da ya taɓa sa ta dariya har da hawaye, ta yi murmushin da bai kai ido ba. Washegari ma haka, jibi ma haka. Har ya ce mata, wai shi a dole wasa, ta cire gilashin nan don da ba ta sawa. Da yamma ya tura mata saƙon dariya sau bakwai, kalma da kalma yadda yake a da.

"Na gani. Sai da safe," shi ne kawai amsar da ta bayar.

Ga kuma wani mutum mai kemis a layin su 'Yar Tela, mai natsuwa da fara'a, da ke zuwa ɗaukarta a mota in an tashi. Kullum da 'yar leda a hannunsa zai miƙa mata, su yi magana ƙasa-ƙasa kamar waɗanda suka saba. Malam Daidai yakan tsaya a bakin ƙofa rungume da littafi har motar ta sha kwana, sannan ya taka zuwa ɗakinsa.

Shi ma fim ɗin ya ƙi daɗi. Darakta ya sa aka kawo motar ruwa aka yi ruwan ƙarya don a maimaita fitowar nan da mutane suka fi so. Jarumar, wadda yanzu ta goge, ta yi kuka mai kyau sau shida, ko wanne tsaf. Ba wanda tsigar jikinsa ta tashi.

Tsohon mai kamara, wanda kowa ke kira Kawu, ya zauna yana goge gilashin kamararsa yana girgiza kai.

"Kawu, komai fa daidai yake," in ji Malam Daidai. "Na duba littafi. Rigar ce, wurin ne, har inda ta tsaya. Me ya rage?"

"Tsoro, ɗana. A na farko ba mu san abin da zai faru ba, shi ya sa kowa ya buɗe ido yana kallon ɗan'uwansa. Jarumar nan ranar da gaske take rawar sanyi, ni ma da gaske hannuna ke rawa. Yanzu kuwa kowa baya yake waiwaye, muna ta kwaikwayon kanmu. Mai kallo ba wawa ba ne, yana ji a jikinsa."

Malam Daidai ya gyaɗa kai, ya ce lallai darakta ya kamata ya ji wannan. Kawu ya dube shi ta saman kamara, ya buɗe baki, sai kuma ya fasa.

A sati na uku abin ya fashe. Ya kawo shayi, ta ce ta ƙoshi.

"Kin canza," ya ce. "Da ba haka kike ba. Da in na yi magana dariya kike yi. Wallahi ba daidai ba ne."

Ta ajiye rigar da take ɗinkawa a cinyarta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Sati uku kana kawo min sukari cokali uku. Rabona da sukari shekara biyu ke nan, tun da likita ya hana Baba, na daina don kada ya sha nasa salam shi kaɗai. Ka ga gilashi a idona ka ce in cire, ba ka ce me ya samu idon ba. Ɗinki ne ya ci shi. Baba ya yanke jiki ya faɗi a kan keke, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ke riƙe da shago, ni ke ɗaga shi, ni ke kwantar da shi. Ledar da kake ta harara maganinsa ne."

Ya ce, "Ban sani ba. Ke kika ce kada in kira."

"Na ce. A asibiti kuma sai da na yi kwana goma sha ɗaya waya a hannuna, ina cewa yau dai zai saɓa min." Ta cire gilashin ta goge ido da bakin mayafi. "Ka dawo, na yi murna har na kasa cin abinci. Ashe ba wurina ka dawo ba. Yarinyar cikin littafinka kake nema, mai dariya sau bakwai. Ni ma ina kewarta, Malam, amma ba ta nan."

Ya yi tsuru-tsuru kamar wanda aka kama da sata.

"Mai kemis ya nemi aurena," ta ci gaba. "Baba ya bar min zaɓi. Na ce zan ba shi amsa ranar da aka gama fim ɗin nan. Saura kwana tara. Shi dai ko ba komai ya san wace ce ni yau."

"Kina son sa?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Ka san wannan ce tambaya ta farko da ka yi min tun da muka dawo?"

Ta kwashi ɗinkinta ta bar shi a matakala da kofi biyu.

Washegari ranar hutu ce. Ya wuni a ɗaki, bai kunna talabijin ba, bai buɗe littafi ba. Masu kayan mota na ta buge-bugensu a ƙasa, shi kuwa yana zaune yana lissafin kwana goma sha ɗayan nan. Ina yake a lokacin? Yana nan a kujerar nan yana kallon ɗinkinta a fim, yana jin tausayin kansa, alhali mai ɗinkin na zaune a barandar asibiti ita kaɗai. Kunya ta rufe shi, ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da Baba ya kore shi. Da la'asar ya ɗauki waya, ya rubuta ya goge ya fi sau goma.

"Gaskiyarki ne, ban san ki ba. Ina neman izini in zo in san ki. Ba ni da abin faɗa a shirye, kuma tsoro nake ji. Yaya jikin Baba yau? Ke kin ci abinci? Wa ke tambayar ki ko kin gaji?"

Sai da rana ta kusa faɗuwa amsa ta zo.

"Babu kowa. Gobe in an tashi ka biyo ni shago. Ka zo da hannuwanka, akwai aiki."

Aiki kuwa ya same shi. Shagon ɗan ƙarami ne, keke biyu, ɗaya a rufe da zane, ga ƙofa da ke shiga ɗakin da dattijon yake. Ta koya masa yadda ake tallabo Baba daga gado zuwa kujera ba tare da an ja hannun da ya shanye ba. Ranar farko ya yi masa aski ya yanke shi a haɓa, dattijon ya galla masa harara da ido ɗaya. Ta ba shi guga ya ƙona aljihun wandon wani. Malam Daidai guda, wanda bai taɓa kuskure a wurin aiki ba, ya koma ɗan koyo mai ɓarna.

Da ta ga wandon, dariya ta kufce mata. Ba irin ta da ba ce, wannan gajera ce, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Bai taɓa jin ta ba, kuma nan take ya ji ya fi son ta.

Kullum da sabon abin da yake ganowa. Ashe tana tsoron ƙarar waya da sassafe, don a irin lokacin aka kira ta ranar da Baba ya faɗi. Ashe burinta ta buɗe ajin koya wa mata ɗinki. Ashe in ta yi shiru ba fushi ba ne, bayanta ne ke ciwo. Ita ma ta tambaye shi yadda ya yi shekara ukun, ya gaya mata gaskiya har da kujerar da ba wanda ya zauna a kai.

"Allah sarki, Ɗan Koyona," ta ce. Sunan da ta sa masa ke nan, ya kuwa karɓa hannu biyu.

Ranar da aka gama fim, ta tari mai kemis a bakin shago ta gaya masa gaskiya. Mutumin kirki ne, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma maganin Baba ba zai yanke ba. Bai kuwa yanke ba. Kashi na biyun ya fito daga baya, mutane suka ce ya yi kyau amma bai kai na farko ba, ba wanda ya yi musu.

Saura Baba. Wata huɗu Malam Daidai yana ɗaga shi yana kwantar da shi, dattijon bai taɓa ce masa ko sannu ba. Ranar da ya zo da Kawu don a yi maganar manya, ta tare shi a ƙofa.

"Harshensa ya yi nauyi, ka sani. Komai daɗewar da zai yi, kada ka ƙarasa masa magana. Ya tsani haka."

Kawu ya yi bayani mai daɗi, ya kawo maganar aikin gidan talabijin da halin yaron. Baba bai ko dube shi ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna wani ƙusa a bango.

"Tef," ya ce da ƙyar.

Ta ɗauko masa tef ɗin awo tana mamaki. Ya yafito Malam Daidai, ya sa shi ya durƙusa a gabansa, ya ɗora masa bakin tef ɗin a kafaɗa ya nuna masa ya riƙe. Da hannu ɗaya ya ja zuwa ɗaya kafaɗar, ya ƙura ido, ya faɗi lamba. Ya auna hannu, ya auna wuya. Malam Daidai ya waiwaya don ya tambaye ta me ke faruwa, sai ya ga ta toshe baki da mayafi, hawaye na bin ƙasan gilashinta. Tun da Baba ya faɗi bai sake taɓa tef ba.

"Rubuta," in ji dattijon. "Rigar..."

Kalmar ta maƙale. Leɓensa na rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ɗakin ya yi tsit, ba wanda ya taya shi.

"...ango."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, ba wani taro mai yawa, 'yan fim da maƙwabta da mai kemis a sahun gaba. Da za a tafi da amarya, aka kai su gaban kujerar Baba suka durƙusa. Ya kamo hannun angon ya ɗora a kan nata, ya danne su da tafinsa ɗaya.

"Ka riƙa... tambayar ta... ko ta gaji," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomin. "Ba ta... faɗa. Shekara biyu... ina kallo."

Ita da ta zaci ta ɓoye masa, sai ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka.

"Zan tambaya, Baba," in ji angon. "Kullum."

"Allah... ya yi muku... albarka."

Aka amsa da amin har waje. Mu ma amin muka ce, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya ƙara wa Baba sauƙi.